Awon Tazara da Kusurwar Tiredi Mai Tsukewa da Na'urar CMM: Abin da Rijiyoyin Durba Ke Buƙata daga Ɗakin Awo

Tsakure

Wannan maƙala ta duba matsayin na'urar awo mai bin fuska uku, wadda masana'antu suka fi sani da CMM, wajen tantance tiredi mai tsukewa, irin wanda ake yankawa a bakin bututun ruwa. An ɗauki famfunan tuƙa-tuƙa na karkarar Durba da sauran ƙasar Kibiya da Rano a matsayin misali, domin a can aibin mahaɗin bututu yake komawa rashin ruwan sha. Hujjar maƙalar ita ce gejin zobe da na toshi, duk da amfaninsu, hukunci ɗaya dunƙulalle suke bayarwa, kuma a cikin dunƙulen kuskure yana iya rufe kuskure. Na'urar CMM tana iya warware tazara daban, kusurwa daban, tsukewa daban, muddin an kiyaye sharuɗɗan da aka bayyana a ciki. An amsa suka uku da ake iya yi wa wannan ra'ayi, sannan aka ba da shawarar kafa ɗakin awo guda a Kano wanda zai riƙa tantance geji da kayan yanka da samfurin bututun da ake kaiwa karkara.

Gabatarwa

Durba mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Kibiya, cikin ƙasar Rano, a kudancin Jihar Kano. Kamar mafi yawan yankin, a kan tsohon dutse take zaune, inda ruwan ƙarƙashin ƙasa ba ya kwanciya a shimfiɗe kamar yadda yake a ƙasar yashi ta wajen Haɗeja. Sai dai a same shi a ruɓaɓɓen saman dutsen ko a cikin tsagoginsa. Duk da cewa Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, ba ta da nisa, ruwan da gidajen ƙauye ke sha galibi daga rijiya yake fitowa, ta gargajiya ko ta burtsatse. Famfon tuƙa-tuƙa samfurin India Mark II, wanda aka ƙirƙiro a Indiya cikin shekarun 1970 tare da tallafin UNICEF, yana cikin waɗanda suka fi yaɗuwa a arewacin Nijeriya. A tsarinsa na asali ruwa yana hawowa ne ta bututun ƙarfe mai rufin zinki, mai faɗin milimita 32, wato inci ɗaya da kwata, kowane sanda tsawonsa mita uku. Idan aka saukar da silindar famfon zuwa mita 30, ana buƙatar sanda goma, kowanne da tiredi a bakunansa biyu, mahaɗai kusan ashirin ke nan. Nauyin bututun da ruwan da ke cikinsa ya haura kilo ɗari, kuma dukansa a kan haƙoran tiredin sama yake rataye, ana jijjiga shi da kowane tuƙi.

Idan mahaɗi ɗaya yana yoyo, ruwa zai zurare ya koma ƙasa cikin dare, da safe mata da yara su yi ta tuƙi kafin ɗigo ya fito. Idan kuwa haƙoran suka cinye suka saki, bututun gaba ɗaya yana iya faɗawa cikin rijiyar, sai an nemo masu kayan cirowa, wani lokacin ma a haƙura da rijiyar ɗungurungum. Saboda haka ingancin tiredi magana ce da ta shafi lafiyar jama'a da dukiyarsu, kuma ta cancanci a auna ta da irin tsanakin da ake auna kayan masana'antar mai. Abin da wannan maƙala ke son tabbatarwa shi ne, ba za mu iya gyara aibin tiredi ba sai mun san wane sashe nasa ne ya kauce, kuma a yau na'urar CMM na cikin hanyoyi mafi dacewa na sanin hakan, idan aka ajiye ta a muhallin da ya kamata.

Sigar tiredi mai tsukewa

Tiredin noti da kusa kaurinsa ɗaya ne daga farko zuwa ƙarshe, aikinsa riƙo kawai. Na bututu kuwa ana yanka shi a kan jiki mai tsukewa zuwa baki, ta yadda duk murɗi ɗaya zai ƙara cusa haƙora cikin juna har su toshe hanyar ruwa. Tsari biyu ne suka mamaye duniya. Na farko ya samo asali daga sigar da Joseph Whitworth ya gabatar a Ingila a 1841, mai kusurwar digiri 55 da tsini da kwari masu lanƙwasa. Shi ne ake kira BSPT, kuma ƙa'idar ISO 7-1 ce ke tsare shi a yanzu. Na biyu na Amurka ne, NPT, mai kusurwar digiri 60 da William Sellers ya gabatar a 1864, wanda ƙa'idar ASME B1.20.1 ke tsarewa. Dukansu tsukewarsu ɗaya ce: kauri yana raguwa da kashi ɗaya a duk tafiyar kashi 16, wanda ke nufin kowane gefe ya karkace daga layin tsakiya da kusan digiri 1.79. Nijeriya ta gaji tsarin Ingila, amma kasuwa tana karɓar kaya daga ko'ina, don haka ana iya samun tsarin biyu a shago ɗaya.

A nan haɗari na farko yake. A bututu mai rabin inci da mai inci uku bisa huɗu, tsarin biyu duk haƙora 14 suke da su a inci guda, don haka suna shiga juna kamar sun dace, alhali kusurwarsu ta bambanta da digiri biyar. A inci ɗaya da kwata, girman bututun famfonmu, BSPT yana da haƙora 11 a inci, NPT kuma 11 da rabi. Tazarar haƙori da haƙori ta zama milimita 2.309 a na farko, 2.209 a na biyu. Bambancin kashi ɗaya cikin goma na milimita ido ba ya kama shi, amma yana taruwa: bayan haƙora biyar ya kai rabin milimita, mahaɗin ya cije tun bai shiga yadda ya kamata ba. Mai aikin famfo zai ji ya yi tauri ya ɗauka ya kama, alhali haƙora biyu ko uku ne kawai ke riƙe da nauyin.

Tsukewar kuma tana ninka kowane kuskure. Tunda rabon ɗaya ne bisa 16, duk kuskuren milimita 0.01 a kauri yana komawa milimita 0.16 a zurfin shiga. Murɗi ɗaya cikakke a bututun inci ɗaya da kwata daidai yake da milimita 0.144 a kauri, kuma sassaucin da ISO 7-1 ta yarje wa tiredin waje a wannan girma murɗi ɗaya ne gaba ko baya. Wannan ɗan sarari shi ne duk abin da mai yanka yake da shi, kuma abubuwa huɗu ne ke takara a cikinsa: kauri, tazara, kusurwar gefen haƙori, da tsukewa.

Abin da geji ke ɓoyewa

Hanyar da aka saba tantance tiredi ita ce a murɗa gejin zobe a kan bututu, ko gejin toshi a cikin soket, da hannu, a duba inda ya tsaya. Idan bakin bututun ya faɗa tsakanin alamomin gejin, an karɓa. Hanya ce mai sauri da araha, ba ta buƙatar lantarki, kuma babu mai hankalin da zai ce a yi watsi da ita. Rauninta shi ne inda gejin ya tsaya sakamako ne na abubuwan nan huɗu a haɗe. A tiredi mai digiri 55, kuskuren tazara da ya taru a tsawon mahaɗi yana bayyana ga geji kamar ƙarin kauri, ninki 1.92 na kuskuren. A mai digiri 60 kuma ninki 1.73. Idan tazara ta kauce da jimillar milimita 0.05, geji zai ji kamar kauri ya ƙaru da kusan milimita 0.096, wato kashi biyu cikin uku na sassaucin gefe guda. Kuskuren kusurwa ma haka yake yi, kowane ɓangare ya karkata.

Sai a ɗauka mai yanka ya zurfafa dayis ɗinsa, wato ƙarfen da ke yanka tiredi, har kauri ya ragu da milimita 0.1, a kan wannan tiredin mai karkatacciyar tazara. Kuskure biyun za su share juna a idon geji, zoben ya tsaya daidai kan alama, a buga wa bututun hatimin karɓa. Amma a zahiri haƙorin farko da na ƙarshe ne kaɗai ke taɓa soket, na tsakiya suna lilo, ga hanyar ruwa a buɗe tana zagaye da su. Abin ya fi tsanani idan aka tuna cewa ISO 7-1 ta halatta haɗa tiredin waje mai tsukewa da soket mai miƙaƙƙen tiredi, kuma irin wannan haɗi dama a haƙora kaɗan yake toshewa. Ga kuma gejin kansa, wanda ƙarfe ne da ke gogar ƙarfe kullum. Zoben da ya ci zai riƙa shiga fiye da ƙima, ya karɓi bututun da ya yi kauri, ya ƙi wanda yake daidai, kuma babu abin da zai nuna hakan sai an auna shi da abin da ya fi shi daidaito.

Saboda haka tambayar da geji ke amsawa ita ce ko bututu zai shiga. Tambayar da mai gyaran injin yanka yake buƙata dabam ce: haƙoran dayis ne suka ci, ko kan injin ne ya karkace, ko kuwa an sa dayis ɗin Amurka a aikin Ingila? Amsarta sai an auna kowane sashe shi kaɗai.

Yadda na'urar ke awo da sharuɗɗanta

Na'urar CMM teburin dutse ce mai santsi, da gada mai tafiya ta fuska uku: gaba da baya, hagu da dama, sama da ƙasa. A ƙarshen hannunta akwai tsinke mai ɗan ƙwallon yaƙutu, kuma duk inda ƙwallon ya taɓa, kwamfuta tana rubuta mazauninsa da lambobi uku. Kamfanin Ferranti na Sikotilan ne ya fara ƙera irinta a shekarun 1950. Babban sauyi ya zo a 1972, lokacin da David McMurtry, injiniya a Rolls-Royce, ya ƙirƙiro tsinke mai aika sigina da zarar ya taɓa, domin auna ƙananan bututun injin Olympus na jirgin Concorde. A kan wannan ƙirƙira aka kafa kamfanin Renishaw a 1973. Na'urorin yau suna iya jan ƙwallon a kan jikin ƙarfe suna ɗaukar ɗaruruwan ɗigo a tafiya ɗaya, da daidaiton 'yan maikiron, wato kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Sai dai ɗigo kawai na'urar ke tarawa. Tazara da kusurwa lissafi ne da ake ginawa a kan ɗigon, kuma a tiredi mai tsukewa lissafin yana da wurare huɗu da yake zamewa.

Na farko shi ne layin tsakiya. A BSPT da NPT duka, ana auna tazara a jere da layin tsakiyar tiredi, kuma layin da ya raba kusurwar haƙori biyu yana tsaye ne cak a kan wannan layi. Duk awo a kansa ya dogara, alhali layi ne da ba a gani, sai an ciro shi ta lissafi. Kuskuren da ya fi sauƙin aukuwa shi ne a ɗauko shi daga jikin bututu ko daga fuskar bakinsa, domin dayis ba lallai ya yanka daidai da jikin ba. Idan layin da aka ɗauka ya karkace da digiri 0.1 kacal, gefe ɗaya na haƙori zai nuna ƙarin digiri 0.1, ɗayan ya nuna ragi, kuma tsukewar da aka auna ta ɓangare guda za ta kauce da fiye da kashi biyar cikin ɗari. Maganin shi ne a ciro layin daga gefunan haƙoran kansu, a bi tsawon tiredin a aƙalla wurare huɗu da ke fuskantar juna bibbiyu, domin karkatar da ta ƙara a wannan ɓangare ragewa take yi a kishiyarsa.

Na biyu shi ne ma'anar tazara. A miƙaƙƙen tiredi, idan aka taɓa gefe ɗaya na haƙora biyu maƙwabta a nisa ɗaya daga layin tsakiya, abin da ke tsakaninsu shi ne tazara. A mai tsukewa wannan ba ya yiwuwa, domin kowane haƙori ya ɗaga sama da na gabansa da kashi ɗaya cikin 32 na tazara. A bututun inci ɗaya da kwata, wanda ya auna a nisa ɗaya zai sami ƙarin kusan maikiron 38 a gefe guda, da ragin maikiron 38 a ɗaya gefen, ko da tiredin ba shi da aibi ko kaɗan. Kuskuren kashi 1.6 cikin ɗari ne, kuma ya isa a ƙi bututu mai kyau. Wanda kuma ya bi gangaren tsukewar ya auna a kwance da ita, zai sami ƙarin kusan maikiron 12 a kowane inci. Masana'antar mai ta daɗe da sanin wannan na biyun, shi ya sa ƙa'idar API 5B ta sa a gyara shi tun a jikin ma'aunin da ake saita gejin tazara da shi. Hanyar da ta dace a CMM ita ce a zana miƙaƙƙen layi a kan ɗigon kowane gefe, a nemo inda gefuna biyu na kwari za su haɗu, sannan a auna tafiyar waɗannan mahaɗai a jere da layin tsakiya. Daga mahaɗan nan ne kuma ake samun tsukewa, don haka awo ɗaya ya ba da amsa biyu.

Na uku shi ne ƙwallon tsinke da gajartar gefen haƙori. Na'urar tsakiyar ƙwallon take sani, sai ta cire rabin kaurinsa ta fuskar da take zaton ya taɓa. Gefen haƙori kuwa a karkace yake, kuma yana murɗawa. A girman da muke magana kusurwar murɗin ta kai kimanin digiri ɗaya, kuma tana sauyawa kaɗan-kaɗan yayin da kauri ke raguwa. Manhajar da ta ɗauki gefen a matsayin shimfiɗaɗɗen fili za ta cire rabin kaurin ta fuskar da ba ita ba. Ƙwallon da zai taɓa tsakiyar gefuna biyu a haƙora 11 kaurinsa kusan milimita 1.3 ne, don haka wanda zai bi gefen ya sauka ƙasa dole ya fi haka ƙanƙanta, siririn tsinke kuwa lanƙwasawa yake yi. Bugu da ƙari, zurfin haƙorin duka milimita 1.479 ne, kuma idan aka cire lanƙwasar tsini da ta kwari, miƙaƙƙen sashen da ake iya taɓawa bai wuce kimanin milimita ɗaya ba. Kuskuren maikiron biyu a kan milimita ɗaya yana haifar da kuskuren kusurwa na kusan digiri 0.11. Wannan ne dalilin da ya sa kusurwa ta fi tazara wuyar awo nesa ba kusa ba, kuma ɗigo biyu a gefe ba su isa ba. Ana buƙatar ɗigo da yawa a haƙora da yawa, a ba da rahoton gefen dama daban, na hagu daban. Jimillar digiri 55 tana iya fitowa daga 26.5 da 28.5, wanda alama ce ta wuƙar yanka da aka ɗaura a karkace.

Na huɗu shi ne zafi da ƙura. Ƙa'idar ISO 1 ta tsayar da digiri 20 na ma'aunin Salshiyas a matsayin zafin da ake danganta kowane awon tsawo da shi. Ƙarfe yana buɗewa da kusan maikiron 11.5 a kowace mita idan zafi ya ƙaru da digiri ɗaya. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke kaiwa digiri 40, kaurin bututun famfonmu ta waje, wanda yake milimita 42, zai ƙaru da kusan maikiron goma. Ga bututun aiki wannan ƙarami ne, amma ga geji babba ne. Ƙurar hunturu kuma ƙwaya ɗaya tak a kan ƙwallon yaƙutu tana iya fin duk kuskuren na'urar girma. Ɗakin awo a wannan yanki yana buƙatar sanyi mai ɗorewa dare da rana, da iska tatacciya, da haƙurin barin samfur ya huce sa'o'i kafin a taɓa shi.

Sukar da za a iya yi

Suka ta farko, kuma mafi nauyi, ita ce tsada. Za a ce na'urar da ake saye da kuɗin waje, mai buƙatar lantarki marar yankewa da ƙwararren ma'aikaci, ba ta da alaƙa da ƙauyen da ke neman kuɗin sayen roba ɗaya ta silinda. Gaskiya ne idan ana nufin a kai ta Durba ko Kibiya, kuma ba haka ake nufi ba. Awo silsila ce, kamar yadda malaman hadisi ba sa karɓar ruwaya sai sun bi isnadinta mutum bayan mutum har zuwa tushe. Bututun da ke cikin rijiya geji ne ya shaide shi, gejin kuma dole wani ya shaide shi, har a kai ga ma'aunin mita na duniya. Hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki, wadda aka kafa a 1971, tana da cibiyar awo ta ƙasa a Inugu, kuma ita ce saman silsilar a Nijeriya. Abin da ake buƙata shi ne zobe na tsakiya a kusa da kasuwar da ake sayen kayan. Na'ura ɗaya a Kano tana iya tantance gejin 'yan kwangila da masu yanka na jihar da maƙwabtanta, kuma ba tiredi kaɗai za ta auna ba: silinda, fistan, giya da sassan injin ban ruwa duk aikinta ne. A gwada wannan da kuɗin haƙa sabuwar rijiya a dutse duk lokacin da bututu ya faɗa.

Suka ta biyu daga masana awo take fitowa. Za su ce akwai na'urorin da aka ƙera musamman domin tiredi, masu bin sigar haƙori da allura, kuma sun fi CMM ta gama-gari daidaito a kan kusurwa. Wannan ma gaskiya ne, kuma abin da aka faɗa a sama game da gajartar gefe yana goyon bayansa. Amsar tana cikin rabon aiki. Ga bututu da soket, inda sassauci ya kai maikiron 144 kowane ɓangare, shakkun awo na 'yan maikiron ya wadatar ƙwarai. Ga geji, inda sassaucin ya fi ƙunci sosai, ba a dogara da alƙawarin da mai ƙera na'ura ya rubuta bisa ISO 10360, domin wannan gwajin na'ura ne, ba na aikin tiredi ba. Ana bin hanyar ISO 15530-3: a sami gejin asali da babban ɗakin awo ya riga ya tantance, a auna shi da tsinke ɗaya da tsari ɗaya da wanda ake gwadawa, a yi amfani da bambancin wajen gyara sakamako da ƙiyasta shakku. Duk rahoton da ya ba da lamba ba tare da iyakar shakkunta ba, bai kamata a yanke hukunci da shi ba. Ƙasar da na'ura ɗaya za ta iya saye kuwa, wadda ke aikin abubuwa da yawa ta fi mata amfani.

Suka ta uku ita ce tsatsa ce ke kashe bututun famfo, ba sigar haƙori ba, kuma mafita ita ce a koma bututun roba ko ƙarfe marar tsatsa, kamar yadda famfon Afridev ke amfani da roba. Babu musu cewa ruwa mai tsami yana cin bututun zinki, kuma inda ruwan yake haka sauya kayan shi ne daidai. Amma tsatsar ma a tiredi ta fi samun ƙofa, domin yanka yana kankare zinki ya rage kaurin bango, kuma wanda aka zurfafa fiye da ƙima ya bar bango mafi siranta a daidai inda nauyi ya taru. Mahaɗin da bai toshe ba kuma yana barin ruwa yana wanke ƙarfen tsirara kullum. Sannan sauya kaya ba ya kawar da tiredi: bututun roba mai bakin ƙarfe, famfon sola mai nutsewa, bawul da mahaɗan tanki duk da tiredi ake ɗaura su, kuma kayan sola na shigowa daga ƙasashe masu tsari dabam-dabam, abin da ke ƙara yiwuwar haɗa 55 da 60.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata, shawarwari uku ne suka fito. Na farko, a kafa ɗakin awo guda a Kano mai na'urar CMM da gejin asali na BSPT da NPT, a nema masa shaidar ƙwarewa bisa ISO/IEC 17025. Cibiyar HEDI ta bunƙasa kayan aikin ruwa da ke ƙarƙashin hukumar NASENI, da Jami'ar Bayero, da Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke Wudil, duk wurare ne da aikin ya dace da manufarsu. Amfaninsa ba zai tsaya a ruwa ba, domin haƙar man Kolmani da aka ƙaddamar a Nuwamban 2022 ta nuna cewa Arewa ma za ta buƙaci masu iya auna tiredin API, wanda yawancinsa a kan tsukewar ɗaya bisa 16 yake. Na biyu, hukumomin samar da ruwan karkara su rubuta sunan ƙa'idar tiredi ƙarara a takardar kwangila, su nemi shaidar cewa an tantance gejin da aka duba kayan da shi, kuma su aika samfur daga kowane babban kaso a auna tazara, kusurwa da tsukewarsa daban-daban kafin a biya. Na uku, a koyar da amfani da geji da ma'aunin ƙirga haƙora ga masu gyaran famfo na ƙauyuka; makarantar fasahar karkara ta Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kano da ke Rano tana kusa da waɗanda ke buƙatar wannan horo.

Rabon aikin a fili yake. Mai gyara a Durba yana buƙatar geji mai gaskiya a jakarsa da sanin yadda ake karanta shi. Gaskiyar gejin kuwa ɗakin awo ne zai tabbatar da ita, kuma ɗakin awon ba zai iya ba sai ma'aikacinsa ya ciro layin tsakiya daga haƙora, ya auna tazara bisa ma'anarta ta tiredi mai tsukewa, ya kula da ƙwallonsa da zafin ɗakinsa, ya kuma rubuta iyakar shakkunsa. Idan aka haɗa waɗannan matakai, hukumar da ta sayi bututu za ta iya ƙin kaso marar kyau tun yana sito, ta kuma gaya wa mai kawowa ainihin abin da ya kauce domin ya gyara.